Dutsen Farar Ƙasa: Me Ya Sa Masana'antu Suka Kasa Rabuwa da Shi Duk da Hayaƙin da Ake Kuka da Shi?

Duk taron da aka yi kan sauyin yanayi, da wuya a watse ba a ambaci siminti ba. Alƙaluman da ake yawan kawowa sun nuna cewa masana'antar siminti ita kaɗai ke fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da 'yan Adam ke turawa sama kowace shekara. Da jin haka, amsar da ke saurin fitowa daga bakin mutane ita ce: to a daina ƙona kwal mana, a koma lantarkin hasken rana, kowa ya huta. A wani gefen kuma, da zarar an ba da labarin an gano dutsen farar ƙasa jibge a wani yanki, sai ka ji ana lissafin arziki kamar zinariya aka tono.

Maganganun nan biyu duk suna da gyara, kuma wuri ɗaya suka kuskure. Masu yin su ba su tsaya sun duba abin da ke faruwa da dutsen farar ƙasa, wanda da shi ake yin siminti, idan ya shiga wuta ba. Shi dutsen araha gare shi, kuma kusan ko'ina akwai shi. Ƙona shi ne ke mayar da shi kayan masana'anta, ƙonawar kuma ita ke cin kuɗi, ita ke fitar da iskar da ake kuka da ita. To mene ne dutsen nan, me ake yi da shi, kuma me ya sa har yau ba a samu abin da zai maye gurbinsa ba?

Abu uku da ake cakuɗawa

Na farko shi ne ɗanyen dutsen kamar yadda aka faso shi. Abin da ya fi yawa a cikinsa masana sinadarai na kiransa kalsiyam kabonet, wato haɗin kalsiyam da kabon da oksijin. Farin alli na asali ɗan gidansu ne. Haka ma dutsen mabul, wanda farar ƙasa ce da zafi da nauyin ƙasa suka gasa har ta sauya kama. Akwai kuma dolomayit, mai ɗauke da maganiziyam baya ga kalsiyam.

Na biyu ƙonanniyar farar ƙasa, wato abin da ke saura bayan an gasa dutsen a tanderu iskar kabon ta fice. Wannan ba dutse ba ne kuma, sinadari ne mai cin fata, mai iya makantar da ido.

Na uku jiƙaƙƙiyar farar ƙasa, wadda ake samu idan aka zuba wa ƙonanniyar ruwa. Ita ce farin garin da ake damawa a shafe bango ko a zuba a matatar ruwa.

Siminti kuwa ba ɗaya daga cikin ukun nan ba ne. Shi abu ne na huɗu, wanda ake samu idan aka gasa dutsen tare da yumɓu a zafin da ya fi na sauran nesa ba kusa ba. Rarrabe su yana da amfani, domin mai neman tsakuwar hanya da mai neman abin tace ƙarfe duk farar ƙasa suke saye, amma abin da ya isar wa na farko ko kallonsa na biyun ba zai yi ba.

Daga ina ya fito?

Yawancin farar ƙasar duniya a ƙarƙashin teku ta samu. Murjani da halittun ruwa masu ƙwanso, har da waɗanda ido ba ya gani, suna zuƙo kalsiyam da kabon daga ruwa su gina ɓawonsu. Idan sun mutu ɓawon ya kwanta a ƙasa, wani kan wani, shekaru miliyoyi, har ya dunƙule ya zama dutse. Daga baya motsin ƙasa ya ɗago wasu wuraren. Shi ya sa ƙololuwar tsaunin Everest, wuri mafi tsayi a doron ƙasa, farar ƙasa ce mai ɗauke da burbushin halittun teku. Babbar dalar Giza da ke Masar, mai kimanin shekara 4,500, da wannan dutse aka gina mafi yawan tubalanta kimanin miliyan 2.3, kuma a jikin wasunsu ana ganin zagayayyun ɓawon halittun ruwa da ido.

Abin riƙewa a nan ɗaya ne. Dutsen farar ƙasa rumbun kabon ne da teku ya tara ya kulle. Tanderu kuma aikinsa buɗe wannan rumbu.

Abin da wuta ke yi wa dutsen

Mutane sun shafe dubban shekaru suna ƙona farar ƙasa kafin su san me ke fita daga cikinta. A shekarun 1750 ne Joseph Black, wani masani ɗan Sikotlan, ya yi ta auna nauyin irin waɗannan duwatsu kafin gashi da bayan gashi, ya nuna cewa nauyin da ke ɓacewa wata iska ce da take ɗaure a ciki. Ita ce yau ake kira kabon dayokzayid, wato iskar kabon.

Lissafin ba shi da wuya. Idan aka ɗauki kilo 100 na tsantsar dutsen aka kai shi zafin da ya kai kimanin digiri 900 a ma'aunin Salshiyas, kilo 56 ne zai saura a matsayin ƙonanniyar farar ƙasa. Sauran kilo 44 ɗin iska ce ta tafi sama. Ba ruwan wannan lissafi da abin da aka hura wutar da shi. Ko itace ne, ko kwal, ko gas, ko lantarki, kilo 44 ɗin nan sai ya fita, domin fitarsa ita ce maƙasudin gashin.

Wanda ya taɓa ganin an zuba wa ƙonanniyar farar ƙasa ruwa ba ya mantawa. Dunƙulen zai yi shiru na ɗan lokaci kamar ba abin da ya faru. Sai ya fara huci, ya tsattsage, ya kumbura, tururi ya turnuƙe, ruwan ya ɗauki tafasa alhali babu wuta a kusa. Kafin ka ankara dutsen ya rugurguje ya koma farin gari ko kunu mai kauri. Wani ɓangare ne na zafin da ya sha a tanderu yake amayarwa. Masu wannan aiki sun san ba a leƙa ramin da fuska, kuma ba a shiga da hannu tsirara.

Daga nan sai abin ya juyo baya. Idan aka shafa jiƙaƙƙiyar a bango ko aka haɗa tubali da ita, a hankali take zuƙo iskar kabon daga sarari tana komawa dutse kamar yadda ta faro. Haka tsoffin gine-ginen duniya da dama suka tsaya. Matsalarta jinkiri, domin takan ɗauki watanni ko shekaru kafin ta gama ƙarfi, kuma a cikin ruwa ba ta kamawa.

Yadda siminti ya cinye kaso mafi girma

Neman kwaɓin da zai kama a cikin ruwa shi ya haifar da siminti. Rumawa sun gano cewa idan aka haɗa farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta, irin wadda suke ɗebowa a Pozzuoli kusa da Naples, kwaɓin yana daskarewa ko a ƙarƙashin teku. Ƙubbar ginin Pantheon da ke birnin Rum, mai faɗin mita 43, da irin wannan kankare aka zuba ta kusan shekara 1,900 da suka wuce, babu rodi ko ɗaya a ciki, kuma tana nan tsaye.

Bayan ƙarnoni da yawa, injiniya John Smeaton ya samu aikin gina hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Eddystone a kan wani dutse da igiyar teku ke duka a gaɓar Ingila, tsakanin 1756 da 1759. Ya gwada farar ƙasa iri-iri, sai ya tarar da abin da ya saɓa wa tunanin magina na lokacin: dutsen da ke da gaurayen yumɓu, wanda ake raina wa, shi ne ke ba da kwaɓi mai jure ruwa. Louis Vicat a Faransa ya zo ya nuna cewa ba sai an dogara da sa'a ba, ana iya auna farar ƙasa da yumɓu a haɗa da gangan. A 1824 wani magini a birnin Leeds, Joseph Aspdin, ya karɓi takardar mallakar fasahar abin da ya kira simintin Portland, sunan da har yau ake bugawa a jikin buhu.

Tanderun siminti na zamani wani ƙaton bututun ƙarfe ne mai tsawon mita gomomi, kwance a ɗan karkace, yana juyawa a hankali dare da rana. Ta sama ake zuba garin dutse da yumɓu, kusan kashi huɗu cikin biyar farar ƙasa ce. Ta ƙasa kuma harshen wuta ke bugowa. Garin na gangarowa yana ƙara zafi, iskar kabon ta fice, har ya kai digiri 1,450, inda ya fara narkewa yana dunƙulewa ya zama ƙananan ƙwallaye masu duhu da ake kira kilinka. Su ake niƙawa da ɗan jibsam, wanda ke hana kwaɓi saurin daskarewa a hannun magini. Kowane tan na kilinka yana cin kimanin tan ɗaya da rabi na ɗanyen kaya. Ba a son kashe wannan tanderu ko na kwana ɗaya, domin sanyaya shi da sake hura shi yana cin mai, yana kuma fasa tubalan da aka jera a cikinsa.

Duniya na samar da siminti kimanin tan biliyan 4 a shekara. Wajen rabi daga Sin yake fitowa, Indiya na biye mata daga nesa. Masanin makamashi Vaclav Smil ya lissafa cewa simintin da Sin ta yi amfani da shi daga 2011 zuwa 2013 ya fi wanda Amurka ta yi amfani da shi a ɗaukacin ƙarni na 20.

Inda take aiki ba a ganinta

Idan aka koma kan ƙonanniyar farar ƙasa ita kanta, wadda duniya ke samar da fiye da tan miliyan 400 a shekara, fiye da kashi biyu cikin uku a Sin, babban mai sayenta ba magini ba ne. Masu narka ƙarfe ne. Tama ba ta zuwa da tsabta, tana tafe da yashi da salfa da fosfaras. Idan aka jefa farar ƙasa cikin narkakken ƙarfe sai ta kama waɗannan tarkace, su taso sama su zama abin da aka sani da kashin maƙera, a kwashe. Kilo gomomi ne kawai ake buƙata ga kowane tan, amma duniya na narka ƙarfe kusan tan biliyan 1.9 a shekara.

Labarin fosfaras ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. A ƙarni na 19 akwai tama mai ɗimbin yawa a Turai da ba ta da amfani, saboda fosfaras ɗin cikinta na sa ƙarfe ya riƙa karyewa. Wanda ya warware matsalar wani akawun kotu ne a Landan, Sidney Gilchrist Thomas, mai karatun sinadarai da dare bayan ya tashi aiki. Shi da ɗan uwansa Percy Gilchrist suka nuna a 1878 cewa idan aka lulluɓe cikin tanderu da dolomayit aka ƙara farar ƙasa, fosfaras ɗin zai bi kashin maƙera ya fita. Wannan ya buɗe tamar yankin Lorraine da ke iyakar Faransa da Jamus, ya taimaka wa Jamus da Beljiyam da Faransa suka zama manyan masu ƙarfe. Kashin da aka kwashe ma bai zama shara ba, niƙa shi aka riƙa yi ana sayar wa manoma a matsayin taki. Thomas ya rasu a 1885 yana ɗan shekara 34.

Gilashin taga da na kwalba yashi ne da soda da farar ƙasa. Kason farar ƙasar bai wuce kimanin ɗaya cikin goma ba, amma idan aka cire ta gilashin narkewa zai yi a ruwa. Ita sodar ma, tun da Ernest Solvay ya kafa hanyarsa a Beljiyam a shekarun 1860, da ruwan gishiri da dutsen farar ƙasa ake haɗa mafi yawanta. Matatun sukari na zuba farar ƙasa a ruwan rake ko na gwozar sukari don ta kwantar da dauɗa. Masu takarda na cusa garin dutsen don ta yi fari, haka masu fenti, roba da man goge baki. Masu kiwon kaji na sa shi a abinci don ɓawon ƙwai ya yi ƙwari. Kabayid ɗin masu walda daga farar ƙasa da gawayin kwal ake gasa shi. A mahaƙar zinariya, farar ƙasa ce ke hana ruwan sayanayid, wanda ake ciro zinariyar da shi, fitar da iska mai kisa. A ramukan haƙar kwal ana barbaɗa garin dutsen don ƙurar kwal kada ta kama da wuta.

Abin da ya kamata masu son a rufe tanderu gobe su duba shi ne cewa wani babban kaso na aikin farar ƙasa tsabtace muhalli ne. Da ita matatun ruwa ke gyara ruwan sha, da ita ake kashe kaifin ruwan asid da ke malalowa daga tsoffin mahaƙai. Tashoshin lantarki masu ƙona kwal na wanke hayaƙinsu da ruwan farar ƙasa don kama salfa, wadda ke jawo ruwan sama mai asid. Abin da ke fitowa daga wankin jibsam ne, shi kuma a yi allunan bango da silin da shi.

A gona kuwa akwai rashin fahimtar da ta daɗe. Farar ƙasa ba taki ba ce. Aikinta rage tsamin ƙasa, domin a ƙasa mai tsami shuka ba ta iya cin takin da aka zuba mata, ga kuma sinadarin alminiyam da ke ƙone saiwa. Yankin Cerrado na Barazil shi ne misalin da ya fi fitowa fili. An daɗe ana ɗaukarsa ƙasar da ba ta noma, sai da aka yi ta zuba masa niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa tan miliyoyi, tare da binciken Embrapa, hukumar nazarin noma ta ƙasar da aka kafa a 1973, sannan ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren noman waken soya a duniya. Kuma takin zamani mai nitirojin shi kansa yana ƙara wa ƙasa tsami, don haka inda aka daɗe ana zuba shi buƙatar farar ƙasa ƙaruwa take yi.

Zai ƙare ne? Kuma duk mai shi ya yi arziki?

Ƙarewa dai babu wanda ke fargabarta. Dutsen ya yi yawan da ba a ma damu da ƙididdige shi kamar man fetur ko tagulla ba. Japan, wadda ke shigo da kusan duk ma'adinan da take buƙata, a farar ƙasa ta dogara da kanta.

Sai dai abin da ke kwance a ƙasa daban, abin da za a iya haƙowa a ci riba daban. Na farko tsabta. Siminti ba ya da tsani sosai tunda dama yumɓu za a ƙara masa, ko da yake idan maganiziyam ya yi yawa kankaren kan kumbura ya tsage bayan shekaru. Amma masu ƙarfe, gilashi, takarda da sinadarai suna neman dutsen da kabonet ɗinsa ya haura kashi 95 cikin 100, irin wannan kuma ba ko'ina yake ba. Indiya tana da farar ƙasa mai yawan gaske, duk da haka tana sayo mai tsabta daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Oman don tanderun ƙarfenta.

Na biyu nisa, kuma a ganina shi ne abin da masu murnar gano dutse suka fi mantawa. Kaya ne mai nauyi marar tsada. Idan aka ɗora shi a mota, ba a yi nisa ba kuɗin dako zai zarce kuɗin dutsen. Shi ya sa ake kafa masana'antar siminti a gindin dutsen, bayan an tabbatar zai isa shekaru gomomi, kuma shi ya sa manyan mahaƙai ke bakin ruwa. Ta Rogers City a jihar Michigan ta Amurka, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya, a gaɓar tafkin Huron take, jiragen ruwa ke kwasa su kai wa masu ƙarfe. A Bangaladash, wadda ba ta da dutsen kirki a kusa da sama, akwai masana'antar siminti a garin Chhatak da ake turo wa dutse daga jihar Meghalaya ta Indiya a kan bel mai tsawon kilomita 17 da ya tsallaka iyaka. Ƙonanniyar farar ƙasa ma ba ta ajiyuwa, tana zuƙar laima daga iska ta lalace, don haka kusa da mai amfani ake gasa ta.

Na uku wuta. Makamashi na cikin abubuwan da suka fi cin kuɗin mai tanderu. Yankin da ke da dutse amma babu gas, babu kwal, babu lantarki tsayayye, babu hanya ko layin dogo, babu kasuwa a kusa, tsakuwa kawai zai iya sayarwa. Ribar tana hannun wanda ya iya haɗa dutsen da wuta da hanya.

Hayaƙin: me ya sa hasken rana bai wadatar ba

A dawo ga kilo 44. A masana'antar siminti, kimanin kashi 60 cikin 100 na iskar kabon daga jikin dutsen take fitowa, sauran kuma daga man da aka ƙona. Ke nan ko an samu tanderun da lantarki mai tsabta ke gasawa, wanda har yanzu a matakin gwaji yake, fiye da rabin matsalar na nan daram. Wannan ne ya bambanta siminti da mota ko tashar lantarki, inda sauya makamashi ke kashe maganar.

Hanya mafi sauƙi ita ce rage kilinka a cikin buhu. An daɗe ana gauraya shi da kashin tanderun ƙarfe ko tokar kwal. Amma ana kukan targaɗe sai ga karaya: yayin da ake rufe tashoshin kwal, ana kuma sauya tsoffin tanderun ƙarfe da na lantarki, waɗannan kayan gauraye raguwa suke yi a ƙasashen da suka saba dogara da su. Wata hanyar ita ce ƙara niƙaƙƙen ɗanyen dutsen ba tare da an ƙona shi ba. Amurka ta amince da siminti mai ɗauke da shi har kashi 15 cikin 100. Sai kuma simintin da ake kira LC3, wanda masu bincike a Suwizalan, Kyuba da Indiya suka haɗu suka samar: rabi kilinka, kashi 30 gasasshen yumɓu, kashi 15 ɗanyen dutse, kashi 5 jibsam. Yumɓu ba ya buƙatar zafin kilinka, kuma ba ya ɗauke da kabon da zai saki, don haka hayaƙin kan ragu da kashi 30 zuwa 40.

Hanya mai tsada ita ce kama iskar a bakin bututun hayaƙi a binne ta. A 2025 aka ƙaddamar da irin wannan a masana'antar siminti ta kamfanin Heidelberg Materials da ke garin Brevik a Norwe, wadda aka tsara ta kama kimanin tan 400,000 a shekara, wajen rabin abin da masana'antar ke fitarwa, a kai shi ƙarƙashin Tekun Arewa. Gwamnatin Norwe ce ta ɗauki kaso mafi girma na kuɗin. Idan aka tuna cewa masana'antun siminti a duniya dubbai ne, za a gane nisan tafiyar.

Kowane ɓangare da hujjarsa. Kamfanoni na cewa kankare na sake zuƙe wani ɓangare na iskar a tsawon rayuwar gini, don haka a rage musu laifi. Gaskiya ne yana zuƙa, amma kaɗan-kaɗan cikin shekaru gomomi, alhali tanderu a rana ɗaya yake sakin tasa. Masu kare muhalli na cewa a rage zuba kankare barkatai, a gyara tsoffin gine-gine maimakon rushewa, injiniyoyi su daina zuba fiye da abin da gini ke buƙata. Ƙasashe masu tasowa kuma na cewa waɗanda suka riga suka gina biranensu da gadojinsu ba su da bakin hana mai neman rufin farko. Tarayyar Turai ta ƙara wa muhawarar zafi da harajin kabon a kan iyakarta, wanda ya shafi siminti da ƙarfe: an fara matakin ba da rahoto a Oktoban 2023, cikakken aiki kuma daga 2026. Indiya da Sin na kallonsa a matsayin kariyar kasuwa da aka sa wa rigar muhalli.

Ni dai idan aka auna, rage kilinka ya fi kama da abin da ƙasa marar kuɗi za ta iya yi yau. Yumɓu na ko'ina, kuma ba ya buƙatar baitulmali irin na Norwe.

Abin da ya shafi talaka

Mai sayen buhun siminti ya sani cewa farashin ba dutse yake bi ba. Kuɗin mai, kuɗin dako, da yawan kamfanonin da ke gasa a kasuwar su ke juya shi. Kafa masana'anta na cin jari mai yawa, kayan kuma ba ya tafiya nesa, don haka a wurare da dama kamfanoni biyu ko uku ne ke riƙe da kasuwa, abin da ke sa farashi saurin hawa da nauyin sauka. Idan aka ɗora harajin kabon ko kuɗin kama iska, a kan buhu zai sauka. A babban bene na birni siminti ƙaramin kaso ne na kuɗin aikin, ƙarin ba zai yi zafi ba. Amma mai tara bulo ɗaya-ɗaya don ya gina ɗaki biyu, shi siminti ne babban abin da yake saye.

Maƙwabtan mahaƙa nasu lissafin daban ne. Akwai ƙura, akwai girgizar nakiya mai tsaga bango, akwai manyan motoci. Aikin yi ma bai kai yadda ake alkawari ba, domin masana'antar zamani injuna ne suka fi yawa. Mafi girma shi ne ruwa. Ruwan sama na narkar da farar ƙasa a hankali ya yi koguna da hanyoyi a ƙarƙashi, ɗaruruwan miliyoyin mutane kuma daga irin waɗannan maɓuɓɓuga suke sha. Idan aka yanke tsaunin ko aka zuƙe ruwan ramin haƙa, rijiya na iya ƙafewa, ƙasa na iya ruftawa. Wannan fargaba ce ta sa a 2016 wasu mata manoma daga tsaunukan Kendeng na Indunusiya suka zuba ƙafafunsu cikin akwatunan siminti a gaban fadar shugaban ƙasa a Jakarta, don nuna adawa da masana'antar da ake ginawa a yankinsu. A Malesiya kuma, wani ƙaramin dodon koɗi da ba a san shi a ko'ina ba sai a tsaunin Bukit Panching ya ɓace daga duniya bayan an fashe tsaunin kaf.

Sabon siminti mai ƙarancin kilinka zai zo wa magina da nasa sharaɗi. Wasu nau'o'insa ba sa saurin ƙarfi a kwanakin farko kamar wanda aka saba, ko da yake suna kamo shi daga baya, wasu ma su fi shi jure ruwan gishiri. Mai gasasshen yumɓu kan ɗan yi ja, abin da ke sa mai saye zargin an yi masa algus. Yana son a daɗe ana ba shi ruwa, kuma ba a gaggawar cire katakon da ya tallafe rufin kankaren. Maginin da ya cire da wuri ya ga tsaga, simintin zai ɗora wa laifi, mai gida kuma ya koma neman tsohon buhu. Saboda haka hukumomin da ke sa ƙa'idar gini da masu koyar da magina suna da aiki a gabansu daidai da na masu tanderu: rubuta a jikin buhu ko wane iri ne, wane aiki ya dace da shi, da kwana nawa za a jira kafin a ɗora masa nauyi.